Lamba Ɗaya, Na'ura Ɗaya

Na shiga Damagaram da la'asar sakaliya, a shekarar da damina ta yi gardama karo na biyu a jere. Sunana Sabi'u, a Kano nake zaune, sana'ata gyaran famfon burtsatse mai aiki da hasken rana. A lokacin rabin shekarata a ɗakunan otal nake cinye ta, don haka na saba da yawo da na'urori uku: kwamfutata, ƙaramin allon kamfanin da ke ƙera famfunan, wanda ta cikinsa suke turo mana lambobin aiki, sai wayata.

Wanda ya kira ni aikin ɗan kwangila ne, Ibro, mutanen gari na ce masa Mushe Ibro, wato Malam Ibro a bakin masu Faransanci. Ya tarbe ni a tasha da fara'a, ya kai ni wani otal a gefen Zango, ya biya kuɗin ɗaki na mako biyu. Wannan ne kaɗai alherin da zan iya tuna masa. Kafin ya tafi ya miƙo hannu.

"Kawo fasfonka da katin rigakafi, a yi maka rajista a biro, ofishin hukuma. Gobe da safe za su dawo."

Na ba shi ba tare da na yi tunanin komai ba.

Kwana biyun farko aiki ya tafi daidai. A Garagumsa wayar wuta ce ta ƙone, na sauya ta kafin azahar. A Damagaram Takaya ƙura da kashin tsuntsu ne suka rufe farantan hasken ranar, muka wanke su da ruwa rabin jarka, mata na tsaye suna kallon kowane ɗigo da ya zuba ƙasa. Duk shingen jandarma da muka zo, Ibro ne ke leƙa kai ya yi magana da Faransanci a ɗaga mana. Hanya kuwa ba ta da daɗin kallo. Shanu a kwance a gindin itatuwan da babu ganye, wasu da rai wasu babu, ba ka bambance su sai ka ga kunne ya motsa.

Rana ta uku muka je wani ƙauye a bayan Tirmini. Nan na tarar da abin da ya fi ƙarfin sukundireba. Akwatin da ke sarrafa famfon, wanda muke kira ƙwaƙwalwa, na hannu ne, an yi masa fenti an sayar a matsayin sabo, kuma a kulle yake da sunan wanda ya fara saye. Ruwa na can ƙasa, farantai lafiya lau, famfo lafiya lau, amma ƙwaƙwalwa ta ƙi ba da umarni.

Na ja Ibro gefe na faɗa masa. Ya goge gumi, ya ce shi ma cutarsa aka yi. Na ce akwai mafita: in na rubuta wa kamfani za su turo sabuwar manhaja in saukar a kwamfuta, su turo lambar buɗewa ta allo. Ya ce madalla, in yi hakan, shi zai je Yamai kwana biyu ya karɓo kuɗin aiki.

Sai da motarsa ta bar ƙofar otal na tuna takarduna.

Matar da ke zaune a kantar karɓar baƙi sunanta Zali, ana ce mata Madam Zali, mai ƙiba ce, ba ta da yawan magana. Na tambaye ta intanet.

"Akwai. Kod ɗaya jika biyu, awa biyu."

Kod ita ce lambar shiga, a ƴar takarda take. Jika kuwa sefa dubu.

"Na'ura uku gare ni, Madam."

"To kod uku ke nan."

"Ni kaɗai ne fa. Hannu biyu gare ni."

"Injin bai san mutum ba, Malam, na'ura ya sani. Wadda ka fara sa wa lambar, ita ce mai ita har lokacin ya ƙare."

Na sha kwana a otal-otal masu tsada da masu araha, ban taɓa jin irin wannan ba. Amma ba ni da zaɓi. Layina na Najeriya ya mutu tun daga iyaka. Na je sayen layin Nijar, mai shago ya ce sai da katin shaida. Na gwada shagon intanet na kusa da kasuwa, na tarar babu wuta, da ta zo kuma shafi ɗaya sai da na gama cin gyaɗar dala ashirin bai buɗe ba. Otal ɗinmu ne ke da faifan tauraron ɗan adam a kan rufi da janareta, wanda suke kira gurup.

Na sayi kod biyu. Kamfani suka amsa da wuri, suka turo hanyar saukar da manhajar. Na danna, na zauna ina kallon wani siririn layi kore yana rarrafe. Da awa biyu ta cika ya kai kashi biyu cikin uku, sai komai ya tsaya. Na ruga na sayo wata kod. Da na sa, layin ya koma farko. Manhajar ba ta ci gaba daga inda ta tsaya, sai dai a sake daga tushe.

Na yi lissafi a tsaye. Tana buƙatar awa uku, su kuma awa biyu suke sayarwa.

Na nemi manajan otal, wani siririn mutum mai turare, na yi masa bayani. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce wanda ya saita injin daga Yamai ya zo, shi ba ya taɓawa. Sai ya rage murya ya ce akwai kod ta manyan baƙi, awa biyar, jika takwas. Na biya. Awa biyu cif ta mutu kamar sauran. Da na koma masa ya ɗaga kafaɗa.

"Rezo ne, Mushe, layin intanet ɗin ne haka. Ba ni na yi shi ba."

Madam Zali na jin mu, ba ta ɗago kai daga littafinta ba.

A yammacin ranar na sa wa wayata kod a karon farko. Saƙon matata Bilkisu ne ya fara shigowa, ta wayar ƙaninta ta turo. Ƴarmu Ummi, mai shekara bakwai, tana da sikila. Ciwon ya tashi, an kwantar da su a asibiti, ana maganar ƙarin jini. Na karanta sau uku. Na tashi na haɗa kayana, na ɗauki jaka har na kai ƙofar ɗaki, sannan na tsaya. Ina za ni? Ko shingen bakin gari ba zan wuce ba, balle iyaka. Na kira lambar Ibro daga rumfar masu waya, a kashe. Na kira Bilkisu, kiran ya ci kuɗin abincina na rana, abin da na ji kawai shi ne muryarta tana cewa "Baban Ummi? Baban Ummi?" sai ya yanke.

Ɗakin nan har yau ina iya zana shi. Gado ɗaya, fanka mai ƙara, taga tana kallon wani ƙaton dutse irin na garin, wanda da rana yake maido da zafi kamar bakin tanda. Famfon banɗaki sai da asuba yake tari ya ba da rabin bokiti. Ta tagar ina ganin mutanen karkara suna shigowa gari da tabarmi da tukwane a ka, suna zama a inuwar katanga. Da yamma ƙanshin tuwon wani gida yakan shigo, in tuna miyar kukar Bilkisu, in ji abincin otal ya fita raina.

Rana ta biyar da safe Madam Zali ta ce ina da baƙo a waje. Na fita na tarar da wani dattijo zaune a ƙasa a gindin katanga, da sanda da buta. Na gane shi, shi ne ya riƙe mini tsani a ƙauyen bayan Tirmini. Baba Kyari sunansa, shi ke kula da burtsatsen.

"Sannu da aiki, Injiniya. Na zo in ji ko maganin ya iso."

"Yana hanya, Baba."

"To. Zan jira."

Na ce ya shigo ciki, ya ce nan ma ya isa. Haka ya yini. Washegari ma na same shi a wurin, a masallacin unguwa yake kwana. Ba ya tambayata komai, in na fito ya ɗago kai ya dube ni, in na girgiza kai ya ce "Allah ya kawo sauƙi" ya ci gaba da jan carbi. Wallahi da zagina yake yi da ya fi mini sauƙi.

Kuɗina suka ja baya. Na koma cin abinci sau ɗaya, ina gwada saukarwa da sassafe, ina gwadawa da tsakar rana, ko za a dace. Ranar Talata na sayi kod ɗaya da niyyar kwamfuta. Na hau bene, na zauna a bakin gado, takardar na hannuna, wayar na kan filo. Na ce wa kaina minti ɗaya kawai. Na san sarai yadda injin yake, amma yatsuna suka rubuta lambar a waya.

Saƙo ɗaya ne. An samu jini, an ƙara mata, tana ta tambaya yaushe zan zo.

Na rubuta amsa mai tsawo na goge, na rubuta "Ina nan tafe" na tura. Sauran awa biyun na zauna da waya a hannu, babu wanda ke ɗaya gefen, kwamfuta a rufe.

Da na sauko Baba Kyari ya ɗago kai. Na kasa girgiza masa kai kawai. Na tsuguna a gabansa na faɗa masa gaskiya, cewa yau ban ma gwada ba, na kashe lambar a kan jin labarin ƴata.

Sai ya ce, "Yarinyar ta ci abinci?"

"Ban sani ba, Baba."

"In ta fara neman abinci, ta tashi. Ka tambaya in ka sake samu." Ya juya carbinsa. "Mu ma can, mata tun asuba suke fita, sai azahar su dawo da jarka bibbiyu. Mutane sun yi shawara. In kasuwar Juma'a ta ci babu ruwa, za su ɗaure kaya. Ni dai na ce su ba ni zuwa Juma'ar."

"In suka tashi ina za su?"

Ya nuna mutanen da ke zaune a inuwar katanga da haɓarsa.

Ina komawa ciki Madam Zali ta kira ni. Wannan ne karo na farko da ta ba ni shawara ba tare da na tambaya ba.

"Malam, kana ta zuba kuɗi a rami. Layin ɗaya ne duk otal ɗin nan. Dubi zauren cin abinci." Na duba. Ma'aikatan agaji ne da ƴan jarida biyu da wasu fatake, kowa da kwamfuta a gaba da waya ɗaya ko biyu a gefe. "Duk a kansa suke. In su ashirin suka hau, kowa ɗigo yake samu. Ranar da otal ya zama wayam na ga abu ya sauka kafin in gama shan shayi."

"To yaushe zai zama wayam?"

"Sai an yi ruwa."

Na fita na ba Baba Kyari labari, don kawai in sami wanda zan faɗa wa. Ya saurara da kyau, ya sa na maimaita.

"Wato guga ne ya yi yawa a bakin rijiya."

"Kusan haka, Baba."

"To ai wannan roƙo ake yi. Yaushe suke taruwa?"

Ranar Laraba na juye aljihuna. Abin da ya rage kuɗin kod biyu ne da ɗan canji. Kwamfuta na buƙatar ɗaya, allo na buƙatar ɗaya don lambar buɗewa. Na kashe wayar na tura ta ƙasan jaka, na ɗora kaya a kanta.

Da aka zuba abincin rana, Baba Kyari ya cire takalmansa a ƙofar zaure kamar mai shiga masallaci. Manaja ya taso zai tare shi, Madam Zali ta ce, "Baƙona ne." Dattijon ya tsaya a tsakiya da sandarsa, ya yi sallama, ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya har sai da cokula suka tsaya. Ya faɗi sunan ƙauyensu. Ya ce akwai ruwa a ƙarƙashinsu amma an kulle, mabuɗin yana cikin iskar gidan nan, kuma wannan Bakanon ya kwana bakwai yana miƙa hannu bai kai ba saboda cunkoso.

"Ban zo roƙon kuɗi ba, ban zo roƙon hatsi ba. Ku janye gugayenku awa biyu, ya ja nasa. Shi ke nan."

Madam Zali ta juya maganar da Faransanci. Wata baturiya mai furfura ce ta fara rufe kwamfutarta. Wani ɗan jarida ya ce yana da rahoton da zai tura kafin ƙarfe uku, abokinsa ya ce masa wani abu a kunne, ya yi tsaki ya rufe. Aka bi da ɗaya ɗaya, ana kashe wayoyi ana kifewa a kan tebur.

Mutum ɗaya ne ya ƙi, kuma abin da ya fi ba ni kunya ɗan garinmu ne, wani Alhaji mai fataucin masara.

"Kuɗina na biya. Farashi nake jira daga Dawanau. Wa zai biya ni in na yi asara?"

Na ce, "Alhaji, don Allah, awa biyu ce."

"Kai ma neman kuɗi ya kawo ka, kada ka yi mini wa'azi."

Baba Kyari ya ce a ƙyale shi, haƙƙinsa ne. Madam Zali ta wuce ofishin manaja, na ji muryoyi sun ɗan tashi, ta fito ta zare wayar kwamfutar kantar karɓar baƙi ma daga bango.

Na zauna a teburin kusa da ƙofa na sa lambobin biyu. Layin kore ya tashi da saurin da ban taɓa gani ba, ya kai rabi cikin minti arba'in, sai ya fara ja da baya, ina jin Alhaji ya buɗe wani abu mai nauyi. Mutane suka zagaye ni. Baba Kyari ya zauna a ƙasa kusa da ƙafata, ba ya ganin allon, fuskata yake kallo. Gumi na bin bayana. Na riƙa duba agogo har baturiyar ta ɗora hannu a kan agogon ta rufe shi.

Saura minti tara lokacin ya ƙare, layin ya cika. Lambar buɗewa kuma ta riga ta shigo allo. Na kwafe ta a takarda, na kwafe a tafin hannuna, na sake kwafewa a bayan kwalin ashana.

"Ya iso, Baba."

"Alhamdu lillahi. Tashi mu tafi."

A shingen bakin gari jandarma ya nemi takarduna. Na fara kame-kame, Baba Kyari ya sauko daga motar kasuwar da muka hau, ya ciro katinsa daga cikin hula ya miƙa.

"Riƙe wannan, ɗana. In ban maido baƙon nan gobe ba, ka san garinmu, ka zo ka kama ni."

Jandarman ya juya katin, ya dubi jakar na'urorina, ya ce, "Foraj ɗin bayan Tirmini ne?" Burtsatsen yake nufi. Muka ce shi ne. Ya sa katin a aljihu ya ɗaga sandar.

Mun isa rana ta yi sanyi, farantai ba za su ja ba, sai muka kwana. Da hantsi na haɗa kwamfuta da ƙwaƙwalwar, na zuba manhajar, na sa lambar. Fitila ja ta koma koriya. Bututu ya yi gurnani, ya fesar da iska, ya kawo jan ruwa mai laka, sannan fari. Ba a yi guɗa ba. Wata tsohuwa ce ta tara hannu ta sha, ta wanke fuska, ta juya ta ce wa na bayanta su yi layi. Shanun da suka iya tashi suka taso da kansu. Na ga kayan da aka riga aka ɗaure a ƙofar wasu gidaje, katifa da turmi da buhu.

Na koma otal da yamma, na koma zaman jira. Ba ni da kuɗin kod. Madam Zali ta miƙo mini salularta ta ce in kira gida, na kira sau huɗu a kwana biyu, wayar Bilkisu a kashe. Ta riƙa aiko mini da abinci daga gidanta a kwanon sha, ba ta taɓa cewa komai a kai ba. Kwanakin nan uku sun fi duk na baya tsawo, don yanzu babu layin kore da zan kalla, sai dutse.

Ranar Lahadi wani direban motar Yamai ya kawo ambulan. Fasfona ne da katin rigakafi. Babu wasiƙa, babu kuɗin aikina, ban kuma sake jin ɗuriyar Ibro ba har yau. Baba Kyari ya zo da ƙullin tsumma, ƴan silalla da tsofaffin takardu da aka tara gida gida. Na so in ƙi, ya ce, "Da me za ka hau mota?" Na karɓa.

Muna tsallake iyaka a Maimujiya na kunna waya. Ta yi ta rawa a hannuna, saƙonni na shigowa a jere. Na rufe ido na buɗe, na fara da na ƙarshe. An sallame su tun jiya.

Na isa gida bayan magariba. Bilkisu ta karɓi jakata, ta rame, idanunta sun faɗa. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta kawo ruwa na sha, na fara ba ta labarin takardu da lambobi, ta ɗaga hannu.

"Ka bari sai gobe. Tana ciki." Ta ɗauke kofin ruwan. "Tun ranar Laraba ta daina tambayarka."

Na shiga ɗakin. Ummi na kwance a kan katifa, bayan hannunta da filasta. Ta dube ni, ta juya fuskarta bango. Na kira sunanta, ta ƙara lulluɓa da zane. Na zauna a ƙasa kusa da katifar. Aka kira isha'i ina nan zaune.

Can, ba tare da ta juyo ba, ta zaro ƙafarta ɗaya daga cikin zane ta ɗora a cinyata.

"Nan ne ke ciwo," ta ce.

Na kama ƙafar da hannu biyu na fara matsa mata a hankali.